Na Cire Ɗana Daga Makarantar Kirki Don Ya Zo Na Ɗaya

A shekarun da nake magana, ni mai fasa dutse ne a bayan garin Kazaure. Kafin nan makiyayi ne ni a wata ruga ta ƙasar Roni, har ciwo ya shiga garkenmu ya bar mu da igiyoyi. Mahaifina bai daɗe ba bayan shanun. Na shigo gari da sanda da riga ɗaya, na kama guduma. Ita ta ciyar da ni, ita kuma ta cinye mini yatsa ɗaya na hannun hagu. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa ni na faɗa wani ya rubuta, na kuma ce masa kada ya yi mini ado a ciki. Ba ni da yawan magana, ban kuma saba kai kukana wurin kowa ba. Amma akwai abin da na yi wa ɗana na fari, ina so iyaye irina su ji shi daga bakina.

Yaron ya gama firamare ya shiga ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan cikin gari. Makarantar ba ta da kyan gani. Fentinta ya koɗe, wasu tagogin babu marufi, yara sun yi yawa har wasu a ƙasa suke zama. Amma kullum sai ya dawo da aikin gida. Bayan la'asar yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida da littafi, yana ƙunƙuni, yana cewa malamin lissafinsu ba ya barin mutum ya huta. Burinsa ɗaya ne, ya ci jarrabawar da ake yi a ƙarshen aji uku ya samu shiga makarantar kimiyya ta kwana, daga nan ya zama injiniyan hanya. Ni kuwa duk abin da na sani a boko shi ne akwai na ɗaya, akwai na biyu, akwai na uku. Sauran a wurina tarkace ne. Da aka rufe makaranta a ƙarshen aji ɗaya na tambaye shi na nawa ya zo, ya ce na sha tara.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, yana zaune a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Sa'ana ne, tare muka yi kiwo muna yara. Shanun gidansu sun tsira a shekarar da namu suka ƙare, ya samu gona, ya sayi babur. Ɗansa sa'an ɗana ne, yana ƙaramar sakandaren ƙauyensu, kuma kowane zango shi ne na ɗaya. Kun san wasan taubasai, abin da ya ga dama zai faɗa maka a gaban kowa, kai kuma ba ka da ikon yin fushi. Duk ranar kasuwa in ya shigo Kazaure sai ya biyo ta wurin mai shayin da muke hutawa. Tun daga nesa zai ɗaga murya yana kiran bawansa, wai ina bawan nan mai yatsu tara. In ya zauna sai ya tambayi lafiyar na sha tara. Ya ce ɗan mai fasa dutse ai kansa dutse ne, karatu ba zai shiga ba sai an sa guduma. Ya ce ranar rufe makaranta kafin a kai ga sunan ɗana rana ta faɗi, har mai sharar makaranta ya tafi gida. Abokan aikina su yi ta dariya har da buga ƙafa. Ni ma in yi dariya, in ce masa bawa ba ya magana a gaban ubangijinsa. Amma dariyar iyakarta haƙora.

Abin ya kai maƙura ranar sunan 'yata. Taubashina ya zo da ɗansa, ya ɗauro bokitin roba da littattafan da aka ba yaron kyauta a bayan babur, ya ajiye su a tsakiyar tabarmar baƙi. Ya ce ya kawo ne ɗana ya taɓa ko zai samu tubarraki. Mutane suka yi ta sa wa yaronsa albarka, wani dattijo har ya shafa kansa. Nawa yana gefe yana raba goro, ba wanda ya dube shi. Ranar ban iya cin naman sunan ba. Gaskiya ita ce ba ɗana nake tausayi ba, kaina nake ji. Shi ya tsira da shanu, shi ke da gona, shi ke da babur, yanzu kuma har ɗa ma nasa ne a gaba. Na ce a raina wannan ɗayan dai ba zan bar masa ba.

Sai na yanke wa makarantar ɗana hukunci da irin hankalina. Na ce makarantar da yaro zai yini yana karatu ta ba shi na sha tara, ba makaranta ba ce. Ta ƙauye kuwa da take fitar da na ɗaya, can ake koyarwa. Ban tsaya nan ba. Na ƙudura cewa ɗana zai shiga ajin ɗan taubashina, ya ƙwace na ɗayan daga hannunsa, uban yana kallo.

Na je makarantar da ƙurar dutse a jikina don in karɓi takardar canji. Shugaban makarantar ya sa aka kira malamin lissafin, wani siriri mai furfura a gemu. Malamin ya ba ni kujera, ya kira ni Baba ko da yake bai fi ni ƙuruciya da yawa ba. Na yi masa tambaya ɗaya, na ce yaron nan zai zo na ɗaya a nan ko ba zai zo ba. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, da wuya, domin ajin cike yake da yara masu ƙoƙari. Amma ya ce yaron yana hawa, kuma in aka bar shi yana sa ran zai ci jarrabawar kimiyya. Ya ce na sha tara a wani wuri ya fi na ɗaya a wani wuri. Ya roƙe ni kafin in yanke shawara in je waccan makarantar in yini, in ga malamai nawa ke shiga aji. Na ce masa ni ba ni da yinin zubarwa, kuma ban taɓa jin inda sha tara ta fi ɗaya ba. Ya dubi yaron da ke tsaye a gefe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. A gida uwarsa ta ce Malam a bar yaron nan inda ya saba, tunda shi bai yi kuka ba. Na ce mata magana ta ƙare. Yaron ya haɗa kayansa a buhu.

Na ɗauki ɗan acaɓa muka kai shi ƙauyen, gidan gwaggona. Da na faɗa wa taubashina abin da ya kawo mu, sai na ga fara'arsa ta ɗauke, abin da ban taɓa gani ba. Ya tambaye ni har sau biyu ko da gaske na cire shi daga ta Kazaure. Na ce da gaske. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce madalla, bawa ya kawo ɗansa gidan iyayengiji. Na ɗauka tsoro ne ya kama shi, na ji daɗi.

Zangon farko ɗana ya zo na ɗaya. Na bar aiki na tafi ƙauyen ranar rufe makaranta, na tsaya a bayan taro, na ji an kira sunansa kafin na kowa. Ɗan taubashina ya zo na biyu, ya fito kansa a sunkuye. Ba zan ɓoye ba, sunkuyar da kan yaron nan ta fi mini daɗi a kan kiran sunan nawa. Na sayi tsire na raba a ƙofar gidan gwaggo. Na ce wa taubashina yau an san bawa an san ɗa, in yana so ɗansa ya taɓa rigar nawa ya samu tubarraki, na ba da izini. Ya yi dariya kamar yadda al'ada ta ce. Na dawo Kazaure ina jin kamar an mayar mini da garkenmu.

Alamu sun zo, ni ne na ƙi gani. Da ya zo hutu ban ƙara ganinsa da littafi a gindin darbejiya ba. Na tambaya, ya ce ba a ba su aiki. Ya ce malaman can suna iya ƙoƙarinsu amma ba su da yawa, mutum ɗaya ke koyar da darasi uku. Ya ce an yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki ba a kawo wani ba, shi ne ma yake tashi ya rubuta wa 'yan ajin abin da ya koyo a Kazaure. Da damina rabin aji na gona, ranar kasuwa kuma kusan ba kowa. Ya durƙusa ya ce Baba don Allah a mayar da shi tsohuwar makarantarsa, ko da za a sa shi ya maimaita aji. Na ce na ɗaya ba ya barin wurinsa, ya tashi ya ba ni wuri. A wani hutun abokansa na da suka zo da littafin lissafi, suna gardama a kan wata tambaya. Na ga ɗana ya karɓi littafin ya duba, ya mayar musu, ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki. Bai fito ba har suka tafi. Na gani da idona, na ce ai hassada suke masa. Haka ya yi aji biyu da aji uku, kowane zango na ɗaya, ni kuma ina ta baza labari a wurin mai shayi.

Aka yi jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Da sakamako ya fito babu sunan ɗana, babu na ɗan taubashina. Daga tsohon ajinsa na Kazaure kuwa yara da dama sun samu, har da wani ɗan maƙwabcinmu da a da yake zuwa bayan ɗana. Ɗana ya same ni a wurin aiki ya durƙusa ya faɗa mini. Na ajiye guduma na ce ta yaya na ɗaya zai faɗi. Ya ce Baba tambayoyin da aka yi, fiye da rabi bai taɓa ganin irinsu ba. Ya ce tun da ya je can bai ƙara koyon sabon abu a lissafi ba, abin da ya tafi da shi ne yake ta juyawa. Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar kasuwar da ta biyo taubashina ya zo. Bai kira ni bawa ba, ya ce ɗan'uwa zo mu koma gefe. Muka zauna a kan wani dutse. Ya ce shi ya daɗe da sanin makarantar ƙauyensu ba ta da malamai, domin yana wucewa ta gabanta kullum in zai je gona. Ya ce duk tsiyar da yake mini, shi ne yake jin haushin cewa nawa yana karatu a gari. Ya ce a wancan hutun har ya shirya zuwa ya roƙe ni in riƙe ɗansa a gidana ya shiga makarantar ɗana, gwaggo ma ta amince. Sai ga ni na sauka daga babur da yaro da buhu. Ya ce da ya ga haka sai ya yi tunanin ni mazaunin gari ne, wataƙila na san wani aibu a makarantar da shi bai sani ba, ya kuma ji kunyar tambaya. Sai ya bar nasa a can. Ya ce shi wasa yake yi, bai san na ɗauke shi da gaske ba. Yara biyu na tare wa hanya, ba ɗaya ba.

Ɗana ya yi babbar sakandare ta jeka-ka-dawo, amma lissafin bai ƙara kamuwa ba. Yanzu adaidaita sahu yake ja a cikin gari, yana da mata da ɗa, yana kawo mini cefane. Ɗan taubashina yana noma tare da ubansa. Ba wanda ya lalace a cikinsu, alhamdu lillahi, kuma na san rabo na Allah ne. Amma na san hannun da ya karkatar da hanyar. Ɗana bai taɓa tayar mini da maganar ba. Na nemi gafararsa sau ɗaya, ya ce Baba ya wuce, ya tashi ya fita da sauri. Ƙannensa duka a waccan makarantar mai koɗaɗɗen fenti na sa su. Malamin lissafin yana nan. In mun haɗu a masallacin Juma'a yakan tambayi lafiyar yaron, bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Abin da na koya kaɗan ne, zan faɗe shi a taƙaice. Rashin karatuna ba shi ne ya cuce ni ba. Malami ya ba ni shawarar da ko makaho zai iya bi, hassada ce ta toshe mini kunne. Ku iyaye irina da ba mu iya duba littafin yaro, muna da ƙafa, muna da ido. Ku je makarantar ba tare da sanarwa ba, ranar kasuwa ko tsakiyar damina, ku ga ko akwai malami a gaban allo. Ku tambayi ina waɗanda suka gama bara suke. Ku lura ko yaronku yana dawowa da aikin da ke ba shi wahala. In ya ce muku ya zo na ɗaya, ku tambaye shi su wa ya wuce. In kuma wani yana muku gori da ɗansa, ku haɗiye, ciwon na kwana kaɗan ne. Kada ku ɗauki yaro ku yi rama da shi. Ni na rama, na ci, an yi dariyar da nake so. Ɗana ne ya biya.