Malam Sule da Batirin da Ya Yi Sanyi

Duk wanda ya san Malam Sule mai ɗinkin babbar riga na Kwarbai a Zariya ya san yatsunsa na hagu ba sa zama wuri ɗaya. Ko gaisawa kuke, suna nan suna tafiya a kan gwiwarsa kamar suna danna wayoyin jita. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama. Abin da zan fara faɗa shi ne, shekara arba'in na yi ina jin haushinsa.

Ni fa na kawo jitar. Ni na yi karatu a Ingila, na ga Turawan nan makaɗa masu gashi har kafaɗa da idona a Jamus, har malami na ɗauka ya koya mini. Kiɗansu a kan abu ɗaya yake tsaye, wani gajeren salo mai nauyi da jita ke ta maimaitawa. Su suna cewa rif, Sule ya ce gindin kiɗa. Shi kuwa ko Kaduna sai dole take kai shi. Ya ari kaset ɗina na kwana biyu, bai dawo da shi ba har ya koma ga Allah.

Yadda aka koya mana karatu a zaure, haka ya ɗauki abin. Wata uku yana kan gindi ɗaya, ni ina da goma sha biyu a hannu. Da na yi masa dariya, ko ɗago kai daga allura bai yi ba, ya ce, "Bature, ba a ƙari sai an wanke allo."

A cikin birni ɗan gidan malamai ba ya ratsa unguwa da jita a kafaɗa. Sai ya naɗe ta cikin rigar da yake ɗinki, kamar zai kai wa mai ita, mu tafi Wusasa gidan Mista Bulus mai kiɗan coci, wanda yake da lasifika. Ran nan na zuba goma sha biyuna kaf, matar Bulus ta leƙo daga kicin ta ce sannu da ƙoƙari. Sule ya kama nasa guda ɗaya tilo, a hankali, da nauyi. Matar ta fito da muciya a hannu ta tsaya, har tuwo ya ƙone. Na kaɗa jita a ƙasashe huɗu, ina jin harsuna biyar, amma ba a taɓa ƙona tuwo saboda ni ba.

Ga maƙo! Wayar jita ta tsinke, ya je Ƙofar Kibo wajen mai gyaran keke ya roƙi wayar birki ya ɗaura. Na kawo masa sababbi daga Landan don kowa ya san wa ya fi wa. Bayan sati na tarar da matarsa Hajiya Lami tana yanka sabulu da su. Ya ce ai sun fi kyau da wannan aikin.

Maƙon nan ne ya ba ni makami. Sule ba ya canza batirin rikoda sai ya mutu murus, kuma ko ya mutu sai ya shanya shi a rana ya mayar. Da wayoyin hannu suka zo na sake jin waƙar kaset ɗin nan a wayata, sai na gano abin: batiri mai sanyi ne yake jan kaset ɗin a hankali, shi kuwa ya hardace a haka. Shekara da shekaru yana kaɗa kuskure! Ban gaya masa mu biyu ba, ina. Sai da na jira muka taru gidan Bulus, kowa da furfurarsa, na kunna, na ce ga yadda masu abin suke yi.

Ya saurara har ƙarshe, yatsunsa na motsi. Sannan ya ce, "Yaran suna da hannu, Bature. Gaggawa ce ta yi musu yawa. Da sun zo Zariya da na gyara musu."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na koma gida na sake kunnawa, ni ma sai na ji sun cika sauri.

Bayan sadakar bakwai Hajiya Lami ta aiko mini da jitar, a naɗe cikin rigar da bai ƙarasa ba. Wayar birkin tana nan. Wata uku ke nan ina kan gindi ɗaya, kuma ban wanke allo ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Sule, Ya yafe masa kaset ɗina, Ya yafe mini hassadata. Allah Ya sa can ma ya riga ni samun wuri mai kyau. Wannan karon ba zan ji haushi ba.