Rumbun da Maigida Ya Ɗaure

A garinmu, can wajen Hawandawaki, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini haka, na tashi na tarar da shi ne, kamar yadda na tarar ba a kiran sunan miji. In an gama girbi, maigida zai zuba damman hatsin gandu a rumbu, ya kifa jinka, ya ɗaure da igiya, ya tafi cin rani. Mata su yi ta lallaɓa abin da suka samu a gamana, 'yar gonar da miji ke yanka wa matarsa, har ruwa ya sauka. Ranar ce yake dawowa ya kwance da hannunsa, a fid da iri, a fid da abincin noma.

Maigidana makaɗi ne, gado ya yi. Gangar noma yake bugawa a wurin gayya, in ya sa hannu ko raggo sai ya kai bakin kunya. A shekarun nan na sojoji kowane gari yana da samariya, ana tara matasa a kai su wasa Tasawa. A can wani mawaƙin zamani daga Yamai ya ji shi. Ni ban taɓa ganin mawaƙin ba, an dai ce yana da gita mai lantarki da wando mai faɗin ƙafa, kuma 'yan matan birni sun haddace waƙoƙinsa. Ya ce zai zagaya ƙasashe, yana son kiɗan ƙauye a bayansa.

Shekarar ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama fid da kai ba. Lokacin girbi ba na gida, ina Cake wurin iyayena ina wankan jego na 'yata ta fari, saboda haka ban ga abin da aka ɗauko daga gona ba. Abin da na gani shi ne ranar suna. Maigida ya zo da rago mai ƙaho har da lanƙwasa, da goro, da turmin zane, a shekarar da wasu da akuya suka yi suna, wasu ma da fatiha kawai. Innata ta ce na yi dacen miji. Ni ma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Da na yi arba'in na koma, na tarar rumbu a ɗaure tamau. Maigida ya ce mini zai bi mawaƙin, amma tafiyar ba za ta daɗe ba, Lome ce da Abijan da Dakar, kafin gajimare ya taso yana gida. Ya ce in kula da Inna, mahaifiyarsa, wadda idonta ya soma rauni. Na raka shi bakin hanya da goyo a baya. Motar kasuwa ta zo ya hau, bai ɗauki komai ba sai jaka da kalangu, don mawaƙin ya ce ganga ta yi girma da shiga jirgi.

Daga nan gidan ya zama ni da Inna da jaririya. Hatsin gamanata bai kai tsakiyar rani ba. Muka koma dusa da garin rogo, daga baya muka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an yi ta sauya ruwa kafin su ciyu. Maza sun watse, wasu Maraɗi, wasu arewa. In na fita ɗiban ruwa ba na gamuwa da kowa sai mata irina da tsofaffi a gindin itacen bedi. Inna ba mai magana ba ce. Yini guda sai ta yi shi da carbi, in na yi mata zance ta ce “to”, shi ke nan. Na koyi yin hira da jaririya, ina ba ta labarin ubanta, ita kuwa tana tsotson nonon da ya soma ƙafewa.

Maƙwabciyata Kirista ce, suna da 'yar majami'arsu ta kara a gefen gari, mijinta shi ma ya tafi neman aiki. Ita ke da rediyo. Takan shanya pil, wato batiran rediyon, a rana don su ƙara ƙarfi, in la'asar ta yi ta buga zana ta ce in zo, za a sa waƙoƙi. A nan na bi tafiyar mijina. Mai gabatarwa zai ce mawaƙinmu ya cika fili a Lome, an yi ta liƙi, ya ɗaga sunan ƙasa. Sai a sa waƙar. Ni ba na jin muryar mawaƙin ko gitarsa, can ƙarƙashi nake kasa kunne, inda kalangu ke amsawa. Na san hannunsa. Yana da wani ɗan jinkiri kafin ya sauke bugu na ƙarshe, kamar mai jan numfashi. Ba a taɓa faɗin sunansa a rediyo ba, ni ma ba na faɗi, to mu biyu muka haɗu muka ɓoye shi.

Maƙwabciyata ta iya tsiya. Ta ce mijina ya zama na duniya, in ya dawo sai da cokali zai sha fura. Nakan yi dariya, amma in na koma gida na ga takalmin gonarsa a bayan ƙofa sai kewa ta danne ni. Kewa ce, ba wani abu ba, irin wadda ke sa mutum ya tsaya da tsintsiya a hannu ya manta me zai share.

Wata rana motar sojoji ta kawo taimako, jar dawa a buhu. Aka ce mai gari da dattawa su nuna gidajen da suka fi galabaita. Na ɗauki ƙwarya na je na tsaya a layi, rana tana dukana, 'yata tana kukan da ba ƙarfi. Da na iso gaba, wani dattijo ya dube ni ya ce in yi haƙuri, gidanmu akwai rumbu a ɗaure, kowa na ganinsa daga hanya, a bar wa waɗanda nasu ke buɗe. Na ce rumbun ba nawa ba ne. Ya ce ai na gidanmu ne. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin, gaskiya ya faɗa yadda ya gan ta. Na dawo da ƙwarya a kife. Motar ta sake zuwa, abin da aka gaya mini aka sake gaya mini.

Sai na soma jin haushin rumbun. Yana tsaye a tsakar gida da jinkarsa kamar baƙon da ya ƙoshi. Da hantsi nakan zauna a inuwarsa ina tsince anza, ina ayyana damman da ke ciki, zangarniya a kan zangarniya. Na taɓa yi wa Inna maganar a kira wani daga dangi ya kwance. Ta ce ba a buɗe rumbun namiji a bayan idonsa, ta ci gaba da carbinta.

Gajimare ya soma tasowa daga gabas. Rannan a rediyo aka ce saboda farin jinin da mawaƙin ya yi, an gayyace shi ƙasar Faransa, tafiya ta ƙaru. Mai gabatarwa yana murna kamar shi aka gayyata. Maƙwabciyata ba ta yi tsiya ba ranar, ta rage murya ta miƙo mini ruwa.

Ruwan shuka ya sauka da asuba, mai yawa. Gari na wayewa na ji mutane suna fita da sungumi, mazan da suka dawo suna sara, mata da yara suna bin su suna jefa iri suna takewa da diddige. A ƙasarmu mai yashi laima ba ta jiran kowa, in ka yi sanya ka rasa shekara. Na dubi 'yata, wuyanta ya zama kamar tsinke. Na kwance ta na ba Inna, na ɗauki wuƙa, na jingina turmi a jikin rumbu na hau. Na yanke igiyar, na ture jinkar ta faɗi.

Na leƙa. Da farko duhu ne, sai idona ya saba. Gangarsa ce a zaune a ƙasan rumbun, an lulluɓe ta da tsohon buhu. A gefenta dami ɗaya, zaɓaɓɓun zangarniyoyi na iri, an ɗaure da kyau. Ban da wannan babu komai sai kashin ɓera.

Na daɗe a kan turmin. Abin da ya fara zuwa mini a rai ragon nan ne mai lanƙwasasshen ƙaho.

“Mi kinka gani?” in ji Inna daga ƙofar ɗaki.

“Iri da ganga, Inna.”

Ban san ko ta sani tun da can ba, har ta rasu ban tambaye ta ba.

“Ruhe shi, ɗiyata,” ta ce. “Maida jinkar tun mutane ba su gani ba.”

Na fahimci abin da take roƙo. In na mayar da jinkar, ɗanta yana nan mutum mai rumbu, wanda ya yi suna da rago. In na bar shi a buɗe, kowa ya san ya tafi ya bar uwa da mata da jaririya da iska a ɗaure. Na ji kukan 'yata a hannunta, kukan da ya koma kamar na mage. Na fid da damin da gangar, na sauko, na bar jinkar a inda ta faɗi.

Ni da maƙwabciyata muka shuka gonar, ita tana sara ina jefawa. Kafin azahar labari ya gama gari, don rumbun da ba jinka daga nesa ake hango shi. Dattijon nan ya zo da kansa ya leƙa, ya sauko ya tafi. Da motar ta sake zuwa, shi ya kira ni gaba. Jar dawar nan ba daɗi, tuwonta kamar ƙasa, amma nonona ya dawo.

Maigida ya dawo hatsi ya kai ƙugu. Ya rame, da tabarau da akwati, yara na bin sa. Ina tsaye a ƙofa na ga idonsa ya sauka a kan rumbun kafin ya sauka a kaina. Ya gaida Inna, ya ɗauki 'yarsa ya daɗe yana kallon ta. Sai da muka keɓe ya yi magana.

“Na ɗauka ina dawowa da buhunan hatsi kahin ruwa, in cika shi ba wanda ya sani.”

“Da ka hwaɗa mini,” na ce.

“Da wane baki?”

Ya kawo mini zane da sabulu mai ƙamshi, ya sayi hatsi a kasuwar Tasawa. Ba wanda ya ce masa komai a gari, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. In ya nufi gindin bedi sai hira ta sauya. Aka yi gayya aka kira wani makaɗi daga ƙauyen gaba, wai kada a wahalar da wanda ya shiga jirgi. Kafin girbi ya ce mawaƙin na neman sa a Yamai. Na raka shi bakin hanya, wannan karon bai ce mini yaushe ba.

Yakan zo jefi-jefi, yakan aiko da saƙo, bai sake ni ba, bai kuma sake kwana bakwai a jere a gidan ba. Ban yi nadamar yanke igiyar nan ba, 'yar da na ceta yau ita ke riƙe da ni. Amma shekaru na yi ina zuwa wurin maƙwabciyata da la'asar, ina jiran a sa waƙar, don in ji ɗan jinkirin nan kafin bugu na ƙarshe. Hatsin da na girbe a wannan shekara ni na zuba shi a rumbun, ni na kifa jinka. Gangar kuwa na rataye ta a ɗaki, har fatar ta tsage ba wanda ya buga ta.