Talatar da Aka Yi Taro a Gonar Citta

Jiya wata ƙawata ta aiko mini da ɗanyar citta daga Kafanchan. Ina kwance bakin ledar ƙamshin ya bugi hancina, tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. Na share ɗaki sau biyu, na ɗora ruwa a wuta na manta da shi. Bari dai in faɗa maka abin da ke cina, ko na samu sauƙi.

Shekarar da babanmu ya rasu, ya bar mana gonar citta a gindin dutse, bayan ƙauyenmu ta wajen Nok. Shi ya shuka, shi ya lulluɓe ta da ganye, amma bai ga tononta ba. Ruwa ya ɗauke, ganyen citta ya yi rawaya ya kwanta, kowa ya shiga tono, tamu kuwa tana nan. Mama takan fita da sassafe, ta tona ɗan wuri kaɗan, sai ta ajiye fartanya ta zuba wa dutse ido. Ni ce babba, shekarata goma sha ɗaya, kuma tsoro nake ji.

Sai Baba babba, wan babanmu, ya zo ya tsaya a tsakar gida. Ya ce, "Matan ƙanina, gonan nan na gidanmu ne. In Kirsimeti ya zo citta yana ƙasa, zan karɓa. Mace ɗaya ba zai iya ba." Gonar nan kuwa ita ce cinmu, ita ce makarantarmu.

Mama tana da wani hali da ni ma na gada: gara ta kwana da yunwa da ta buɗe baki ta ce a taimake ta. Shugabar zumuntar matan cocinmu, wata gajeriyar tsohuwa mai muryar da ke cika majami'a ba lasifika, ta zo gidanmu sau biyu. Duk biyun Mama ta ce mata muna lafiya, ta raka ta har bakin hanya.

To, zumunta tana da doka. Kowace Talata ana taro, wadda ba ta zo ba kuwa, mako mai zuwa sai ta miƙe tsaye gaban kowa ta faɗi dalili. Matan ƙauyenmu sun fi tsoron wannan tsayuwar da wa'azin fasto. Ran Lahadi bayan sujada Shugaba ta tashi ta yi sanarwa: "Taron Talata ba a coci ba ne, a gonan marigayi ne. Kowa ya zo da littafin waƙa, da fartanya, da wuƙa." Na ga Mama ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta ƙi? Ba a ce taimako ba, taro aka ce, ita ma dole ta halarta.

Suka zo, goyo a baya, tulun kiɗa a ka. Ban taɓa jin addu'ar buɗewa mai gajarta irin ta ranar ba. Wasu na tono, wasu na tsaga citta biyu da wuƙa, mu yara muna shanyawa a kan dutse, tsagin yana kallon sama. Hannu na raɗaɗi, hanci na zuba, waƙa ba ta tsaya ba. Ana cikin haka na ji muryar Mama a cikin amshi, karo na farko tun jana'iza.

Da rana ta take sai ga Baba babba a kan kekensa. Ya tsaya yana duban matan ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya faɗa kan matarsa, duƙe a tsakiyar layi. Ya kira ta. Ba ta ko saki fartanya ba, ta ce, "Baba, ina cikin taro. Ko kana so in tashi gaban mata in ce kai ne ka hana ni?" Sai ya juya kekensa ya tafi. Talata uku suka yi a gonar, shi kuma bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Ubangiji.

Yanzu ina Kaduna, ni ma ina cikin zumunta, muna da zanen anko mai kyau da rukuni a waya. Watan jiya mijin wata daga cikinmu ya rasu, danginsa suka kulle shagon da take ciyar da yaranta da shi. Muka cika wayarta da "Allah ya ba da haƙuri". Ta amsa ta ce tana lafiya, muka yarda. Na san wannan amsar, a bakin uwata na fara jin ta, amma har yau ban tambayi kowa hanyar gidan matar nan ba.