Tuwon da ya yi wa Baba yawa

Shekarun baya, daf da samun 'yancin kai, ina aikin akawu a Jos wajen masu haƙar kuza. Ni da sa'o'ina na unguwarmu Gwallaga duk mun watse, wasu Kaduna, wasu sun bi aikin layin dogo. Unguwa ta koma ta tsofaffi.

A ƙofar gidanmu ake ciyayya. Bayan magariba sai a fito wa kowane magidanci da akushinsa, a haɗu a tabarmar mahaifina a ci tare. Na taso na ga tabarmar ba masaka tsinke. Da na zo hutu a shekarar nan, shi kaɗai na tarar. Wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun ɗauke su.

Mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Malam fa ba ya cin abinci. Yadda akushi ya fita haka yake dawowa. Bai saba ci shi kaɗai ba."

Ni ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, balle mu sa hannu a kwano ɗaya. Da na durƙusa gaishe shi ranar, ya buɗe akushi, ya kawar da kai yana kallon hanya, ya ce, "Kai, tuwon nan ya yi mini yawa."

Ni kuwa uban 'yan wayo, ɗan boko, na ce, "To Baba, bari in ce a riƙa ragewa." Washegari har kasuwa na je na sayo masa ƙaramin kwano, ina jin na yi abin kai. Ya jujjuya shi ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Na koma Jos. Kafin damina ta faɗi aka aiko mini ya rasu. Bayan sadakar bakwai mahaifiyata take gaya mini, "Ranar nan shi ya sa na ƙara malmala ɗaya. Ya ce ai kana gari."

Har yau abin yana ci mini rai. Yanzu ni ne tsohon unguwa, 'ya'yana duk suna nesa, kaɗaici kuma na san shi ciki da bai. Da babban ɗana ya zo daga Abuja da sallah, na ji bakina ya ce masa tuwon nan ya yi mini yawa.

Ya ce, "Bari in ce a rage, Baba."

Na ce masa madalla.