Ƙofa ta Ashirin da Ɗaya da Ƙafar Malam Isufu

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba. A ƙarshe-ƙarshen shekarun 1990 ne, bayan an gama girbin gero, ina aiki a wani asibitin mishan da ke yankin Madawa. Matsayina a takarda mai kula da lantarki ne, amma duk abin da ke da waya a jikinsa ni ake kira, tun daga injin wuta har talho. Da aka kawo kwamfutoci sai aka haɗa mini da su, aka tura ni Yamai na yi wata uku ina koyo. Na dawo ina jin kaina, kuma gaskiya na iya, ba zan yi muku kawaicin ƙarya ba.

Ku yaran yanzu da kuke da intanet a aljihu, bari in bayyana muku yadda muke a lokacin. Layin talho ɗaya ne a asibitin duka. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da muke kira ruta, ita ke buga waya Yamai ta ɗauko intanet, ta raba wa sauran guda huɗu da ke cikin ofisoshi. Mutumin waje ruta kaɗai yake gani, kamar baƙon da ya tsaya a zaure bai san ɗakunan cikin gida ba. In ana so ya kai ga wata kwamfuta ta ciki, sai an rubuta wa ruta umarni cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a wuce da shi wurin kwamfuta mai lamba kaza. Wannan shi ne buɗe ƙofa, kuma a duk yankin nan ban san wani da ya taɓa yin sa kafin ni ba.

Abin da ya sa aka buƙaci hakan shi ne wani manomi daga Deule, Malam Isufu, mutum mai kamar shekara arba'in da biyar. Ƙafarsa ta dama ta kumbura ƙasa da gwiwa wata da watanni. Dokta Iliya, likitanmu na tiyata, ya duba hoton ƙashin ya kasa yanke hukunci. In ciwon daji ne, dole a yanke ƙafar kafin ya hau sama, kuma har ya sa ranar Laraba da safe. In kuwa mugunya ce ta ci ƙashin, kankarewa za a yi a ba shi magani. Akwai wani farfesan ƙashi a Yamai da ya yarda ya duba, amma ranar Talata da ƙarfe ɗaya zai bar ofis, zai yi tafiyar wata biyu zuwa ƙasar waje. Hotunan sun yi nauyin da wasiƙar kwamfuta ba ta ɗauka, mun gwada sau uku tana dawo mana da su. Hanya ɗaya ta rage, shi da kansa ya shigo kwamfutarmu ta hotuna ya ɗauka.

Ranar Asabar na yi aikin. Na duba kwamfutar hotuna na ga lambarta biyar ce, na rubuta wa ruta cewa ƙofa ta ashirin da ɗaya ta kai ga lamba biyar. Wani abokina a Yamai ya gwada ya shiga lafiya lau. Na ce wa Dokta Iliya ya kwantar da hankalinsa, an gama.

Talata da ƙarfe tara muka buga Yamai. Lambar da ruta ke samu daga waje tana canjawa duk bugu, don haka na aika wa farfesa ita a gajeriyar wasiƙar kwamfuta. Bayan minti goma amsa ta zo, ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Na ce lallai ya yi kuskuren rubuta lamba, manyan nan ba su iya danna madanni ba. Na sake aikawa, amsa ta sake zuwa iri ɗaya. Na karanta umarnina sau biyar, babu ko ɗigo da ya kauce. Na ɗora laifin a kan layin talho, na canja waya, har na hau rufi na duba inda layin ya shigo. Awa biyu na ɓata haka, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in sake duba kwamfutar hotunan ba, tunda ni na duba ta da idona ranar Asabar.

Wajen sha ɗaya da kwata Dokta Iliya ya shigo da rigar tiyata. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma wannan ya fi ciwo.

"Malam Yakuba, in abin ba shi yiwuwa ka gaya mani yanzu, in tai in yi magana da mutumen ga da iyali nai."

"Shina yiwuwa, Dokta. Ka ba ni lokaci."

"Lokacin ba nawa na ba," in ji shi, ya fita.

Na bi bayansa don in sha iska, hanya ta bi da ni ta gaban ɗakin majinyata maza. Malam Isufu yana zaune bakin gado, ya ɗora ƙafar a kan kujera, yana shafa ta a hankali yana kallon taga. Sai a lokacin tsoro ya kama ni sosai.

Da na juyo sai na ga ƙofar ofishin babban likita a rufe, ta gilashi kuma na hango kwamfutarsa lulluɓe da zanenta. Na nufi teburin Madam Rahila, sakatariyarmu, dattijuwar da ta riga kowa fara aiki a asibitin, ita ke buɗe ofisoshi kowace safiya.

"Inna, yau ba ki tada ta Babba ba?"

"Babba ya tahi Tawa tun jiya. Mi za ni nema ofishi nai shi ba shi nan?"

"To kullum ƙaƙa kika tada su?"

Ta dube ni ta saman tabarau kamar na tambaye ta sunanta. "Yadda ya kamata mana. Ta Babba nika hwara tadawa, sannan ta Dokta Iliya, sannan tawa. Waccan ta hotuna ba ta da mai ita, ita at ta ƙarshe. Ko so kaka yi in tada ta yaro in bar ta babba?"

Nan take na gane. Ruta tamu ba ta da tunani mai tsawo, in an kashe wuta ta manta kowa, da safe sai ta riƙe lamba ɗaya wa kanta, ta raba sauran daga biyu bi da bi ga wanda ya riga tashi. Inna Rahila kuwa bisa girma take tayar da su, shi ya sa kwamfutar hotuna take samun biyar kullum, har na ɗauka lambarta ce ta dindindin. Yau da aka tsallake ta Babba, kowa ya matsa gaba, ta hotuna ta koma huɗu. Tun safe farfesa yana ta ƙwanƙwasa lamba biyar, ɗakin da babu kowa.

"Na yi ɓanna ne?" Ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ba ki yi ba, Inna. Ni na yi."

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na rubuta wa kwamfutar hotuna lamba ashirin da hannu, wadda ba ta canjawa ko wa ya riga tashi, na mai da umarnin ƙofa kanta. Ina gamawa layi ya yanke, kamar yadda ya saba in ana sauri. Muka sake bugawa, na aika sabuwar lamba da ƙarfe sha biyu saura minti goma. Ina zaune gaban ruta sai na ga ƴar fitilarta ta fara ƙyaftawa ba tsayawa, na san ya shigo. Hotuna uku sun ci minti arba'in da wani abu. Inna Rahila ta ja kujera ta zauna kusa da talho, ta ce duk wanda ya ɗaga kan nan sai ya bi ta kanta, har fasto ta kora.

Ƙarfe ɗaya saura kwata amsa ta zo. Dokta Iliya ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Farfesa ya ce a ganinsa mugunya ce, kada a yanke, a buɗe a kankare a ɗebi ɗan nama a auna. Ranar Laraba aka yi hakan, awo kuma ya tabbatar da maganarsa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zo koyon aiki a hannuna. Umarnin da na rubuta daidai yake, amma wata uku na yi ina koyon halin na'ura, ban ba da safiya ɗaya na ga yadda ake buɗe ofis ba. Tun daga ranar, duk inda aka kira ni aiki sai na riga mai mabuɗi zuwa, in tsaya in ga me yake fara taɓawa da dalilinsa.

Malam Isufu ya yi mako shida a wurinmu. Ranar da aka sallame shi na ga ya ƙi hawa amalanken da ƴan uwansa suka kawo, ya ce shi da ƙafa zai kai bakin titi. Ya wuce ta gabana yana ɗingishi da sanda, ya yi mini barka da rana kamar yadda zai yi wa kowane ma'aikaci, bai san ni ba. Na amsa, na tsaya ina kallonsa har ya fita ƙofar asibiti.