Laimar Kwaɗi a Ɗakin Malama Asabe

Ku da kuka shigo aikin malamin gona kwanan nan, akwai wata Laraba da har gobe ban manta da ita ba. Cikin damina ne, ina mataki na takwas, an ba ni shiyyar Tirwun. Ofishinmu ya fito da shirin koya wa mata noman naman kaza a cikin gida, wato farar laimar kwaɗin nan da ake ci, wadda manyan otal-otal ke saye da tsada. Ni aka tura kwas a kai, saboda haka zumuɗi ya cika ni.

Wadda ta fara amsa mini ita ce Malama Asabe, mai sayar da zoɓo da kunun aya. Mijinta ya rasu, da wannan sana'ar take riƙe da gida. Muka gyara ɗakin ajiyarta, muka cika ledoji da dusar katako, muka zuba iri, muka toshe tagogi da buhuna. Na kafa mata doka yadda aka koya mana: ƙofa a rufe, kada kowa ya shiga, don ƙurar ƙafa ma tana iya lalata shi. Ta kuwa riƙe dokar gam. Maƙwabciya ta leƙo, ta hana. Aminiyarta ta roƙa, ta hana.

To, a ƙa'idar aikinmu, kafin ka kafa komai a unguwa sai ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani. Ɗoki ya sa na tsallake wannan, na ce in abu ya yi kyau na je.

Ranar Larabar da sassafe Malama Asabe ta kira ni wai naman kazan ya fito. Ko karyawa ban yi ba na hau babur. Wallahi da na buɗe ƙofar nan sai da na yi kabbara. Kowace leda ta yi fari fat, sun tsattsago a kan juna kamar an jera marufan kwano. Ina ta zagaya ɗakin ina dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sai da na juyo na ga ita ba dariya take yi ba.

Ashe kwana huɗu ke nan ba wanda ya sayi zoɓonta. Wani ya gani a waya cewa a ƙasashen waje akwai laimar kwaɗin da ake nomawa a ɓoye a ɗaki mai duhu, in mutum ya ci sai ya riƙa ganin abin da babu shi. Nan da nan magana ta zagaye unguwa: ita Asabe ke nomawa, ita take zubawa a zoɓo, shi ya sa ya fi na kowa daɗi. Har mai unguwa ya aiko cewa gobe da safe zai kira jami'an hana shan ƙwaya.

Ta ce, "Malam, kai ka ce in rufe ƙofa. Ga shi sunana ya ɓaci a unguwar da na haifi 'ya'yana duka."

Kunya ta kama ni, kamar in nutse. Na kira shugaban sashenmu, ya wanke ni tas, sannan ya ce in kai wa mai unguwa takardar shirin mai hatimi. Na kai. Dattijon ya jujjuya ta, ya miƙo mini abata, ya ce takarda ba ta san abin da ke cikin ɗakin ba. Gaskiyarsa kuwa.

Nan dabara ta faɗo mini. Na roƙe shi ya zo bayan azahar da duk wanda ya ga dama, na kuma ce Malama ta fito da murhu ƙofar gida. Da jama'a suka taru, a kan idonsu na wangale ɗakin. Mai unguwa ya tsinko da hannunsa, aka soya da albasa da attaruhu, ƙamshi ya cika layi. Na yi bisimilla na cinye kwano guda tas, na zauna a tabarma na ce ba inda za ni sai la'asar.

Zo ka ga kallo! Mata na leƙe ta kan katanga, maza sun kewaye ni, kowa na jiran in fara surutai. In na sosa ƙeya sai a ja da baya. Wani mai shago ya riƙa ɗaga yatsu yana tambayata nawa ne. Har sunayen 'ya'yana sai da aka sa na jero. Ni kuwa daɗi har kunne, ina ta zuba musu darasi, don tun da na kama aiki ban taɓa tara jama'a haka ba.

Da aka kira la'asar na yi salla kafaɗa da kafaɗa da mai unguwa. Muna dawowa ya dubi Malama ya ce, "Asabe, akwai saura a kaskon nan? In akwai, a haɗo mini da zoɓo mai sanyi."

A tsaye ya shanye shi, a gaban kowa. Ita kuwa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Kafin magariba babu ko ɗigo a kular zoɓon nan.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙin sabon abu suke yi ba, a rufe musu ƙofa ne ba sa so. Dokar da na kawo daga kwas daidai take, amma saura kaɗan ta raba baiwar Allah da abincinta. Tun daga ranar, duk unguwar da aka tura ni, a zauren mai unguwa nake fara sallama, da kasko ɗaure a bayan babur.