Layukan da na share daga littafin Ustaz

Har yau ban manta da safiyar da Ustaz Abdurrahim ya dawo mana da burofa ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a wata matba'a a Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, ina sashen tsara rubutu. Ƙa'idar ita ce mu buga aiki a kwamfuta, mu ba mai shi burofa, wato kwafin gwaji, ya duba ya sa hannu, sannan a kai wa injin.

Ustaz tsohon malamin jami'a ne, mutumin Omdurman. Ya shafe shekaru yana rubuta littafin koyar da Latin, harshen Rumawan zamanin da, da bayani cikin Larabci. Idonsa ya fara rauni, yana gaggawar ganin littafin a hannun ɗalibai.

A takardunsa na ga 'yan gajerun layuka a kan wasu wasula. Na ɗauka alamun bitarsa ne, sai na tsallake su duka. Ban tambayi kowa ba.

Mudir, shugaban matba'ar, yana tsaye, yana son a tura aikin a ranar. Ustaz ya kai takardar dab da hancinsa, ya ce:

"Ya Usman, ina layukana?"

Na ce, "Na cire su, ya Ustaz, don shafin ya fito tsaf."

Bai yi faɗa ba. Ya rubuta kalmar Latin malum sau biyu, ɗaya da layi a kan harafin a. Ya ce, "Wannan mugun abu ne. Wannan kuwa, da ka ja wasalin, tuffa ce. Masu harshen sun ƙare, ɗalibi ba shi da wanda zai je ya saurara. Layin nan ne kunnensa."

Kunya ta kama ni, don mu ma a gida haka ne. Na ce masa da Hausarmu garin da ake zama daban, garin tuwo daban, jan wasali kawai ya raba su. Ya sa na maimaita masa har sau uku, yana murmushi.

Mudir ya ɗage aikin mako biyu, ba da son ransa ba. Kullum Ustaz ya zo mu zauna da shayi, yana furta kalma, ina mayar mata da layinta. Littafin ya fito daidai, ya duba shi da gilashi shafi bayan shafi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu: in kun ga ɗigo a takardar mutum ba ku gane shi ba, ku tambaye shi. Ni minti ɗaya na ƙi ɓatawa wurin tambaya, saura ƙiris in sa dattijo ya koyar da kuskure da sunansa a bangon littafi.